Kwana Biyu Tsakanin Birnin Dabo da Bakin Ruwa

 

Sharhinmu na yau a kan hutun ƙarshen mako ne, wato yadda magidanci a ƙasar Gwarzo da Kabo zai tsara kwana biyun nan na Asabar da Lahadi, ya ɗebi iyalinsa, ya haɗa ziyarar birnin Kano da shan iska a bakin ruwa, sa'an nan ya komo gida kafin Litinin, bai ci bashi ba, bai kuma jefa kowa cikin haɗari ba. Na sani cewa manomi da ɗan kasuwa ba su da Asabar ba su da Lahadi, domin gona da rumfa ba su jiran kowa. Amma ko su ma, idan kaka ta yi, aka yi girbi, aka sussuke, aka kai amfani rumbu, Allah yakan ba su 'yan kwanaki na sararawa. Saboda haka maganar ta shafi malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da akawun ƙaramar hukuma, ta kuma shafi wanda fartanya ce ofishinsa.

Mutanen da Allah ya zaunar a gaɓar teku sun daɗe da wannan ɗabi'a. Alhazanmu da suka taɓa sauka Jidda sun ga yadda mutanen garin, da zarar rana ta yi sanyi, suke fita bakin Bahar Maliya da matansu da 'ya'yansu, su shimfiɗa darduma, su zuba shayi, su zauna har isha'i. Haka nan 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi Araba a Legas, da na zangon Kwatano, duk suna ba da labarin yadda mutum zai yini cikin hayaniyar kasuwa, kashegari kuma ya wayi gari yana duban ruwan da ba a ganin iyakarsa. To, amma tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar da ta haura kilomita 1,000, wanda kuwa ya ce zai yi ta a mota cikin kwana biyu, ya je ya komo, lalle hutunsa duka a kan kujerar mota zai ƙare. Jirgin sama kuma, kowa ya san ba na kowa ba ne. Wannan shi ya sa da yawa daga cikinmu suka yanke hukunci cewa irin wannan hutu rabon wasu ne, mu namu sai ji a bakin matafiya. Ni kam ban yarda da wannan hukunci ba, kuma dalilina yana nan shimfiɗe a bayan gidajenmu.

Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a shekarar 1967, gwamnanta na farko, Alhaji Audu Bako, Allah ya jiƙansa da rahama, ya duba ya ga cewa ƙasar da take samun ruwan sama na wata 4 ko 5 kacal a shekara, sa'an nan ta zauna cikin ƙishi sauran watannin, ba ta da wata dabara da ta wuce ta tare ruwan damina tun bai gudu ba. Sai ya tashi haiƙan wajen gina madatsun ruwa, aka yi Bagauda, aka yi Tiga wadda aka kammala a 1974, daidai lokacin da farin nan mai tsanani ya gallabi ƙasashenmu, ya karkashe dabbobi, ya koro bayin Allah daga arewa suna neman abin sawa a baka. A zamaninsa da zamanin waɗanda suka biyo bayansa, yammacin Kano ya sami rabo mai tsoka. A nan ƙasar Gwarzo da Kabo akwai Guzuguzu da Magaga da Pada da Marashi. A Ƙaraye akwai Kusalla. A Bagwai akwai Watari. Babbar yayarsu kuwa ita ce madatsar Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, tsayin bangonta mita 42, tsawonsa kuma ya kusa kilomita 8, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Wanda ya taɓa tsayawa a gefenta da sanyin safiyar hunturu, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, iska tana kaɗo igiyar ruwa tana dukan tudu, masunta suna turo kwalekwale daga nesa, ya san cewa abin da mutanen Jidda ke fita nema da yamma, Allah bai hana mu irinsa ba, gwargwadon ƙasarmu. Ruwan nan kuma ba a nan ya tsaya ba: shi ne yake gangarawa ya wuce ta Panshekara, inda tun zamanin En'e ake tace shi ana aika wa birni, ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Nguru, ya bi ta Yobe ya nufi tafkin Cadi. Yaron da aka tsayar a bakin Challawa aka bayyana masa wannan, ya sami darasin labarin ƙasa wanda allo da alli ba za su ba shi ba.

Kafin mu shiga tsarin tafiya, akwai wata shubuha da ya kamata a kawar, domin na sha jin dattawa na kirki suna cewa fita shan iska aikin marasa abin yi ne, ko kuwa al'adar Nasara ce. Haƙiƙa idan fitar ta ƙunshi barin salla, ko almubazzaranci, ko cuɗanyar da shari'a ta hana, to, gaskiyarsu. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, iyali ma suna da nasu haƙƙin, kuma Alƙur'ani Mai Tsarki ya kwaɗaitar da bayi a wurare da dama su yi tafiya a bayan ƙasa, su dubi halitta da idon tafakkuri, su yi i'itibari da labarin waɗanda suka gabata. Mutumin da ya yi niyyar sada zumunci da ɗan'uwansa na birni, da faranta ran matarsa wadda ta shekara tsakanin murhu da rijiya, da nuna wa 'ya'yansa ikon Allah da tarihin kakanninsu, ina kyautata zaton cewa tafiyarsa tana cikin abin da ake ba da lada a kansa. Na ambaci uwargida da gangan, domin galibin abin da muke gani shi ne maigida ya shiga birni shi kaɗai, ya komo da labari da 'yar tsaraba, alhali waɗanda suka fi bukatar canjin iska suna gida.

To, da wanne za a fara, birni ko ruwa? Shawarata ita ce a fara da birni, a ƙare da ruwa. Hikimar kuwa a fili take: birni shi ne mai nisa, mai gajiyarwa, mai cin kuɗi, gara a tunkare shi da sauran ƙarfi da sauran guzuri, ruwa kuma yana kusa da gida, ta yadda idan la'asar ɗin Lahadi ta yi, tsakanin mutum da ɗakinsa bai wuce 'yar gajeruwar tafiya ba, ya yi magariba a masallacin unguwarsu, yara su kwanta da wuri saboda makaranta.

Wanda yake da masauki a birni, ya fi masa ya tashi ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda Juma'a ta wajaba a kansa ba ya halatta ya kama hanya bayan rana ta yi zawali ya bar ta, sai fa idan zai riske ta a gaba, tashi bayan alfijir kuma makaruhi ne. Don haka a sallaci Juma'a, a ci abinci, a kama hanya da sauran rana, a shiga gari kafin duhu. Game da ƙasaru kuma, ma'aunin da ke cikin littattafanmu na fiƙihu shi ne mil 48, tsakanin Gwarzo da Kano kuwa kimanin kilomita 70 ne, na Kabo ma bai kai haka ba, saboda haka kada wani ya ɗauka cewa da ya hau mota ya zama matafiyin da zai rage salla. Wanda tafiyarsa ta zarce haka, ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Masaukin nan kuma, don girman Allah a aika masa tun da kwana 3 ko 4, yanzu da waya take hannun kowa. Zaman birni a yau zama ne na awo, ɗaki ƙanƙane, ruwa na saye, itace na saye. Baƙon da ya faɗo da mutum 6 babu sanarwa ya ɗora wa ɗan'uwansa nauyin da kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. A riƙo masa abin da ƙauye ya fi birni da shi, 'yar gyaɗa, ɗan wake, kwanon gero, ko zakara guda, domin zumunci ya yi daɗi ta kowane ɓangare.

Hanyar kowa ya san ta: ta Rimin Gado, a wuce barikin Janguza, a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, a ratsa Rijiyar Zaki, a iso Kabuga. A nan nake roƙon iyaye su fara buɗe baki, kada a bar yara suna ta kallon motoci kawai. A gaya musu cewa wannan Ƙofar Kabuga, wadda mu mutanen yamma muke shiga birni ta cikinta, ta nan ne sojojin Turawa suka kutsa Kano a watan Fabrairu na 1903. A nuna musu ragowar badala, a ce musu Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta tun kusan shekara 900 da suka wuce, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta. Abin baƙin ciki, abin da za su gani a wurare da yawa tsibin ƙasa ne da gine-gine suka ci, ruwa ya zaizaye. Amma gara su ga ragowar da idonsu tun tana nan.

Ran Asabar a yi sammako a hau Dala tun rana ba ta yi zafi ba. Daga kan dutsen nan, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Bagauda, ana ganin birni duka a shimfiɗe, Goron Dutse daga yamma, hasumiyoyin babban masallaci da rufin Gidan Rumfa daga kudu, unguwanni sun haɗe har iyakar gani. Daga nan a gangaro Kasuwar Kurmi da ƙafa, ta lungunan da fatake suka bi shekaru aru-aru. Kasuwar nan Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma wanda Shehu Magili ya sauka a wurinsa, ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a bisa adalci. Kuma Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar nan suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A bar yara su tsaya wurin dukawa da masu sirdi da linzami da masu tandu, su ga hannu yana aiki. In an yi azahar aka huta, sai Gidan Makama, daura da fada, inda aka adana tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna. In da sauran ƙarfi, a leƙa marinar Ƙofar Mata, a ga yadda ake tsoma zane a baba, a fito da shi kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon mutum. Masu ƙananan yara suna iya musanya ɗaya daga cikin waɗannan da gidan zu, wanda shi ma aikin Audu Bako ne.

Iyakar abin da zan ba da shawara ke nan a birni, kada a ƙara. Wanda ya ce a yini guda zai haɗa Dala da Kurmi da Kantin Kwari da Sabon Gari da gaishe-gaishen dangi 10, zai komo da ciwon kai da fushi, yaran kuma ba za su tuna kome ba sai kuka a cikin a-daidaita-sahu. Kuɗin mota na zuwa da komowa a ware shi daban tun daga gida, a ƙulle, kada a taɓa shi ko da an ga abin sha'awa a kasuwa; na abinci daban, na tsaraba daban, da ɗan abin ko-ta-kwana.

Ran Lahadi bayan asuba a yi sallama da masauki, a juyo yamma. Mai son babban ruwa ya nufi Ƙaraye, mai son na kusa ya tsaya Guzuguzu ko Magaga ko Pada. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da ruwa ya kwanta, hanyoyin ƙauye suka bushe, masu noman rani suka kafa injinansu, gefen ruwa ya yi kore shar da tumatir da albasa da attaruhu alhali sauran daji ya yi fari. Da damina ruwa yakan cika ya yi ƙarfi, hanya ta yi taɓo. Da bazara kuma zafi ba ya barin yaro ya sake. A riƙo tabarma da buta da ruwan sha daga gida, a nemi inuwa nesa kaɗan da gaɓa. In an isa, a fara da sallama ga mutanen wurin, a nemi mai unguwa ko Sarkin Ruwa a gaishe shi, domin wurin da kai ka zo shan iska, wurin neman abincin wani ne, kuma a cikin waɗanda za ka tarar akwai waɗanda gonakin iyayensu da kufan garuruwansu suke kwance a ƙarƙashin ruwan nan tun ranar da aka tashe su domin a yi madatsa. Sun cancanci girmamawa. Kada a taka musu shuka, kada a taɓa musu koma, kada a ɗauki hoton matansu. A sayi kifi a hannunsu, karfasa ko tarwaɗa, sabon kamu, a biya da daɗin rai ba tare da matsa ciniki ba, a ba masu suya su soya, a ci a nan. In an tashi kuma a kwashe leda da gwangwani a tafi da su, kada a bar wa dabbobin mutane su ci.

Yanzu na zo kan abin da ya fi kome nauyi a zuciyata. Jama'a, ruwan madatsa ba ya da alamar zurfi. Inda yaro ya taka yau ruwa iya gwiwa, taku biyu gaba yana iya zama tsohon kwazazzabo ko ramin da aka haƙi ƙasa, ga laka mai riƙe ƙafa, ga ciyawa a ƙasa. Mu kuma mutanen tudu ne, akasarinmu ba mu iya iyo ba. Kada a bar yaro ya shiga, ko da ya ga 'ya'yan masunta suna wasa a ciki, domin su a nan aka haife su. Ban da nutsewa, akwai tsargiya, cutar nan da ke sa yaro fitsarin jini, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga dodon koɗin da ke zaune a ruwa mai kwanciya, su huda fata su shiga jiki ba tare da an ji ba. Wanda ya ga alamarta a jikin ɗansa bayan an komo, ya kai shi asibiti, maganinta yana nan, kada a ce al'ada ce ta girma.

Game da shiga jirgi kuwa, ba na tsammanin akwai mai saurarona a yammacin Kano da ya manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021, ranar da jirgin da ya taso daga Badau zai haye Bagwai ya kife a ruwan Watari, aka rasa rayuka aƙalla 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya ne ƙanana da suka fito da murnarsu za su taron Mauludi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Mun yi imani da ƙaddara, ba mu jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma shari'ar da ta umarce mu da imani da ƙaddara ita ce ta wajabta mana kiyaye rai, kuma abin da aka bayyana a lokacin shi ne an yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka duk wanda ya kai iyalinsa bakin ruwa, yara suka roƙe shi a zaga da su, ya tsaya ya ƙirga mutanen da ke cikin jirgin da idonsa, ya dubi bakin jirgin da fuskar ruwa, ya tambayi rigar kariya ta kowane mutum guda. In babu, ko iska ta taso, ko rana ta yi ƙasa, ya haƙura, ya ba yaran haƙuri. Kunyar matuƙi ko kukan yaro ba hujja ba ce a gaban Allah.

Haka nan a kiyayi tafiyar dare. Muna maƙwabtaka da ƙasar Katsina, mun kuwa san jarrabawar da 'yan'uwanmu na can suke ciki, Allah ya kawo musu sauƙi, mu kuma ya tsare mu. A tambayi direbobin tasha da mutanen gari halin hanya kafin a ratse zuwa wani ƙauye, a kuma bar bakin ruwa da la'asar sakaliya.

Mutanen birni da ke saurarenmu, ku ma ga hanya, sai dai ku ku juya tsarin: ku fito ran Asabar da safe, ku yini a bakin ruwa, ku kwana wurin dangi a Gwarzo ko Kabo ko Ƙaraye, ku koma da kifi da kayan miya. Da yawanku asalinku nan ne, 'ya'yanku kuwa ba su taɓa ganin garin kakansu ba.

Kirana na ƙarshe ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da Ƙaraye ne, da hakimai da dagatai, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da gwamnatin jiha. Abin da ake bukata a bakin waɗannan ruwaye bai fi ƙarfinku ba: a gyara 'yar hanyar da ke kaiwa gaɓa, a dasa itatuwan inuwa, a yi rumfa da wurin alwala da makewayi na maza daban na mata daban, a kafa alluna da Hausa da ajami masu nuna inda yake da zurfi, a raba wa masu jirage rigunan kariya, a ƙayyade wa kowane jirgi adadin da zai ɗauka, a kuma ba Sarkin Ruwa ikon hana wanda ya ƙetare haddi tashi. In an yi haka, mai suyar kifi da mai rake da ɗan acaɓa da mai shayi duk za su sami ciniki a ƙofar gidansu, magidanci kuma zai kai iyalinsa da kwanciyar rai. Muna roƙo a fara wannan aiki tun kafin hunturu mai zuwa.